Keken da Ba Ya Barin Ɗaki: Tarihin Feda Daga Zangon Kwatano Zuwa Gidajen Tsofaffi na Turai

Kalmar keke tana cikin kalmomin da Hausa ta ara ta kuma shimfiɗa musu tabarma. Masana da dama na ganin daga Yarbanci ta shigo, kuma a yau ta haifi keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu, har ta kusa mantar da mutane ɗaya sunan, wato basukur, wanda aka aro daga Ingilishi. A kudancin Jamhuriyar Benin ma kalmar tana nan a bakin Fon, mutanen da suka fi yawa a Kwatano, domin ɗan acaɓa a wurinsu kekeno ne, wato mai keke, ko da yake abin da yake hawa babur ne. Wannan suna ya adana wani tarihi da titunan birnin suka riga suka share.

Keken da aka sani a yau, mai ƙafafu biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, John Kemp Starley ne ya fito da shi a Coventry ta Ingila a 1885. Bayan shekara uku John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. A waɗannan shekarun ne Faransa take ƙoƙarin kafa ƙafarta a Kwatano, abin da ya kai ta ga yaƙi da Sarki Behanzin na Dahomey a 1890, da kuma daga 1892 zuwa 1894. Fataken Hausa sun riga Turawa sanin arewacin wannan ƙasa. Ayarinsu na goro ya daɗe yana ratsa Borgu da Djougou zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, kuma inda ayari ya sauke kaya ya kwana shi ake kira zango. Da ciniki ya karkata zuwa bakin teku, sai zangon ya bi shi, ya zama unguwa mai masallaci da mahauta da masu canji, kamar yadda Zongo take a tsakiyar Kwatano. Layin dogo da ya tashi daga birnin ya isa Parakou a 1936, daga nan mota ta ɗauki hanya zuwa Malanville da Gaya.

A ƙasar Hausa keke ya fara da zama abin hawan ma'aikacin gwamnati da malamin makaranta da ɗan kasuwa mai hali, daga baya ya sauko hannun talaka. Raleigh da Hercules suka yi suna a yankin Ingilishi, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. Peugeot ya yi nasa a yankin Faransa. Phoenix na ƙasar Sin ya zo da rahusa. Sana'o'i suka tsiro a gefensa: mai faci, mai gyara, mai ba da haya ga yara. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaure buhu a bayan keke yana kai shi kasuwa bai taɓa kiran abin da yake yi motsa jiki ba. Neman abinci yake yi, lafiyar zuciya da ƙarfin gwiwa suka zo masa a matsayin gyara.

A Porto-Novo, babban birnin ƙasar, keke ya zama abin haya tun kafin babur. Masu keke ne suke ɗaukar mata masu sayar da akasa, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, su kai su kasuwa da kayansu. Daga wannan sana'a acaɓar Benin ta samo asali. Babura suka riƙa shigowa daga Nijeriya, man fetur ɗin sumoga mai arha, wanda ake kira kpayo, yana biye da su. A ƙarshen shekarun 1980 tattalin arzikin gwamnatin Mathieu Kérékou ya durƙushe, bankuna suka rufe, albashi ya yi watanni bai fito ba. Ma'aikata da ɗaliban da suka gama karatu ba aiki suka hau babur. Sunan zemijan, wanda a harshen Fon yake nufin a ɗauke ni da sauri, ya bazu, rigar ɗorawa ta direbobin Kwatano ta zama alamar birnin.

Godomey ta nuna abin da ya biyo baya fiye da ko'ina. Tana yammacin Kwatano, a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Abomey-Calavi, kuma can ne waɗanda tsadar haya ta kora daga tsakiyar gari suke neman fili. A ƙidayar 2013 mutanenta sun haura 250,000. A nan hanyar Lome ta rabu da hanyar arewa, aka gina gadar sama domin rage cunkoso. Ɗan kasuwar da shagonsa yake Zongo ko Dantokpa, gidansa kuma yake Godomey, kilomitoci masu yawa ne a tsakaninsa da abincinsa, cikin hayaƙi da ƙugin babura. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce tsakanin teku da tafkin Nokoué, babu tudu ko ɗaya da zai gajiyar da mai keke, amma dattijo mai hankali ba zai jefa kansa cikin wannan kogin ƙarfe ba. Ya bar feda, ya koma bayan ɗan acaɓa. Hawan jini da ciwon suga kuwa, waɗanda zaman wuri ɗaya yake taimaka musu, sun zama baƙin da ba sa sallama a biranen Afirka ta Yamma.

Turawa sun riga kowa shiga wannan matsala, saboda su suka fara sauka daga keke suka shiga mota, kuma maganin da suka nema shi ne keken da ba ya zuwa ko'ina. Abin mamaki, tunanin ya girmi keken titi. A 1796 wani Bature ɗan Ingila, Francis Lowndes, ya ƙera wata na'ura ta katako mai suna Gymnasticon, wadda ake juyawa da hannu da ƙafa, domin masu ciwon gaɓoɓi da shanyewar jiki. A 1968 wani masanin kimiyyar sinadarai a Amurka, Keene Dimick, ya ƙirƙiro Lifecycle, keken ɗaki mai aiki da lantarki. Sai dai duk waɗannan suna da aibi guda, wato gundura. Mutum yana taka feda, gumi yana zuba, bangon da ke gabansa bai matsa ba. Ɗimbin irin waɗannan kekuna sun ƙare a matsayin maratayar tufafi.

Daga nan aka fara neman yadda za a mayar wa mahayi da hanya. A 1989 wani mai fasaha ɗan Ostireliya, Jeffrey Shaw, ya nuna wani aiki da mutum yake hawa keke a gaban babban allo, yana ratsa birnin da aka gina da haruffa. In ya karkata kan keken, birnin ya karkata. A 2014 manhajar Zwift ta fito, inda masu keke daga ƙasashe daban-daban suke tsere ta intanet a kan titunan da kwamfuta ta zana, kowa yana ɗakinsa. Bayan shekara biyu tabaran duniyar kwaikwayo irin su Oculus Rift suka shiga kasuwa, waɗanda in an ɗaura su a fuska, duk inda aka juya kai sai a ga wata duniya. Kullen annobar korona ta 2020 ya ƙara wa abin kasuwa.

Matasa 'yan tsere aka yi wa waɗannan, amma inda suka fi yin tasiri shi ne wajen tsofaffi. A 2012 wata mai bincike a jihar New York, Cay Anderson-Hanley, ta wallafa sakamakon gwajin da aka yi na wata uku a gidajen masu ritaya. An raba dattawa gida biyu, wasu a kan keken ɗaki zalla, wasu a kan mai allon da ke nuna hanya da abokan tsere. Wahalar da suka sha kusan ɗaya ce, amma masu allon sun fi samun ci gaba a gwajin tsara tunani da sauya hankali daga abu zuwa abu. Dalilin da aka bayar mai sauƙin fahimta ne: wanda yake lura da kwana yana neman wuce na gabansa, ƙwaƙwalwarsa tana aiki tare da ƙafarsa.

Mutanen arewacin Turai suka ƙara wani abu da ya fi wannan zurfi. A Bergen ta ƙasar Norwe, kamfanin Motitech ya riƙa ɗaukar bidiyon titunan gari yana nuna wa mazauna gidajen tsofaffi yayin da suke taka feda, kuma tun 2017 yake shirya musu gasar duniya ta kansu, inda ake tara kilomitocin da kowane gida ya yi. A Halmstad ta Suwidin, Anne-Christine Hertz da abokan aikinta suka haɗa keke da hotunan titi na Google, suka kira shi BikeAround. Tsohon da cutar mantuwa ta kama sai a rubuta adireshin gidan da ya girma a ciki, ya taka feda ya bi layinsu, ya ga cocin da aka ɗaura masa aure. Waɗanda suka yi kwanaki ba su ce uffan ba sukan buɗe baki su fara ba da labari. Mafi yawan irin waɗannan na'urori allo suke amfani da shi a maimakon tabarau, domin tabaran yakan sa jiri da tashin zuciya idan ido ya ga tafiya alhali jiki yana zaune, kuma tsohon da jiri ya ɗiba a kan sirdi yana iya faɗuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta nemi wanda ya kai shekara 65 ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen da ke ƙarfafa tsayuwa. Na'urorin Bergen da Halmstad an yi su ne domin mutumin da aka raba da unguwarsa aka kai shi gidan reno, kuma wannan ba shi ne halin dattijon Zongo ba. Shi yana cikin 'ya'ya da jikoki, masallaci yana fitar da shi sau biyar a yini, ga jana'iza da suna da gaisuwar mara lafiya. Wannan tafiyar ƙafa ita ce jarinsa, kuma tana raguwa ne a daidai lokacin da iyali suka tashi daga tsohuwar unguwa suka koma bayan gari, inda abokan hira suka yi nisa, zumunci kuma ya koma sai da kuɗin acaɓa. Mata tsofaffi, waɗanda dama fitarsu ba ta kai ta maza ba, su abin ya fi shafa.

Idan irin wannan keke ya samu shiga wani asibiti ko wata cibiyar unguwa a Godomey, ƙarfen ba zai yi wuyar samu ba, domin kayan gwanjo daga Turai ta tashar jirgin ruwan Kwatano suke shigowa. Abin da babu a kasuwar gwanjo shi ne hoton hanyar. Tsohon da ya yi ƙuruciyarsa tsakanin Gaya da Dosso, ko a kan titin Katsina zuwa Maraɗi, tsaunukan Norwe ba za su tuna masa komai ba. Sai wani jikansa ya hau babur da waya a hannu, ya bi hanyar garinsu a hankali, daga tasha zuwa ƙofar gida, ya ɗauko masa.