Hanyoyi Biyu na Koyon Likita Daga Iyakar Jibiya

Wanda duk ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Maraɗi, in ya yi tafiyar kamar mil 30 zai iske Jibiya, inda ƙasar Nijeriya ta ƙare. Mutanen ɓangarorin nan biyu asalinsu ɗaya ne, gama bayan jihadi zuriyar sarakunan Katsina na dā su ne suka koma arewa suka zauna a Maraɗi. Amma a 1906 Turawan Ingilishi da Faransai suka daidaita a kan iyaka, aka kafa alamu. Daga nan hanyar neman ilimin likita ta rabu biyu.

Faransai ne suka riga. A 1918 suka buɗe makarantar likita a Dakar domin dukan ƙasashensu na Afirka ta Yamma, har da Nijar. Ingilishi kuwa sai a 1930 suka buɗe tasu a Yaba, kusa da Ikko. Wanda ya gama ɗaya daga cikinsu mataimakin likita ake kiransa. Komai gwanintarsa yana ƙarƙashin likita Bature, albashinsa bai kai nasa ba, takardar shaidarsa kuma ba ta aiki a Turai. Saboda haka mai son cikakkiyar shaida sai ya ƙetare teku, kamar yadda Dakta Barau Dikko na Wusasa ya yi. A Birmingham ya yi karatu, shi ne kuwa likita na farko cikin 'yan Arewa.

Karatun kansa, ko da Turanci ko da Faransanci, tushensa ɗaya. Da fari ɗalibi ya san ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi: yadda zuciya ke tura jini, tana bugu kamar sau 70 a minti, da yadda huhu ke ba jini iska, ƙoda kuma tana tace shi. Sa'an nan ilimin magunguna, watau inda magani ke bi cikin jiki, da ma'aunin da ya dace da yaro da babba, gama kwinin da ke kashe zazzaɓi, in ya wuce kima, yakan toshe kunne, har ya taɓa gani. Daga ƙarshe ya shiga ɗakin majinyata, inda malamai za su sa shi ya duba mara lafiya a gabansu, ya faɗi cutar da abin da zai yi mata. Jarrabawar da ta fi firgita ɗalibai ke nan.

Sannu a hankali aka kau da bambancin nan. A 1948 aka kafa Kwalejin Jami'a ta Badun, ɗalibanta na samun digirin Jami'ar Landan. A 1963 aka yi dokar da ta kafa majalisar likitoci ta Nijeriya, ita ke rubuta sunan wanda ya cancanta. A 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da likita, Yamai kuma ta sami tata makarantar a shekarun 1970.

To, duk da haka iyakar ba ta gushe ba. Ɗan Jibiya da ya koyo likita a wata ƙasa, ko da Nijar ce, sai ya zauna jarrabawar majalisar likitoci kafin a ba shi izinin aiki a gida. Dokar tana da dalili, domin rai ba abin gwaji ba ne. Sai dai cuta ba ta tsayawa a ƙofar kwastan. Sanƙarau ya yi ɓarna a Nijar a 1995, a 1996 ya auka wa Kano da Katsina. Majinyacin da za a kawo wa likita a Jibiya, ko daga wane ɓangare ya fito, da Hausa zai faɗi inda ke masa ciwo.