Ƙyallen Tace Ruwa da Bakin Gidan Sauro: Nauyin Ƙananan Ayyuka a Ƙasar Ka'oje

Idan aka zauna zancen ci gaba a Ka'oje ko Bagudo, hankali yakan karkata ga manyan abubuwa: hanya, gada, asibiti, ko rufe iyaka irin wanda aka yi a watan Agustan 2019. Da wuya a sa cikin lissafi abin da uwa take yi bayan sallar isha'i, lokacin da take cusa bakin gidan sauro ƙarƙashin tabarmar 'ya'yanta. Ra'ayina shi ne, a fagen lafiya aƙalla, irin wannan ƙaramin aiki ne yake yanke hukunci kan ko babban shiri zai ci nasara ko zai tashi a banza. Tarihin kurkunu ya isa shaida.

Matasa da yawa ba su taɓa ganin mai kurkunu ba, amma dattawan Kebbi da Sakkwato da Zamfara sun san azabarsa. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙananan halittu da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar. Bayan kamar shekara guda, tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta huda fata, galibi a ƙafa. Zafin yakan sa mai ciwon ya tsoma ƙafarsa cikin tafki don ya sami sauƙi, nan take tsutsar ta zuba dubban 'ya'yanta a ruwan da gari ke sha. Sau da yawa cutar tana kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke buƙatarsa, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni.

Binciken farko da aka yi a Najeriya tsakanin 1988 da 1989 ya gano masu cutar fiye da 650,000. Babu allurar rigakafi, babu ƙwayar magani, kuma har yau ba a samar ba. Abin da aka roƙi jama'a abu biyu ne: a tace ruwa da ƙyalle kafin a sha, mai ciwo kuma kada ya shiga tafki. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta tallafa, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana lallashi, an haƙa rijiyoyi, an zuba magani a tafkuna. Duk da haka, hannun da ya ɗaure ƙyalle a bakin tulu kowace safiya shi ne ya katse rayuwar tsutsar. An ga mai cutar na ƙarshe a Najeriya a watan Nuwamban 2008, a Jihar Enugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kuɓutar Jamhuriyar Benin a 2009, Najeriya kuma a 2013.

Bahaushe yana cewa da yayyafi kogi kan cika. Gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai yayyafin ya sauka a kwari ɗaya, ya kuma daɗe yana sauka. Ba kowane ƙaramin aiki ne ke da nauyi ba. Tace ruwa ya yi tasiri ne domin ya faɗa daidai wurin da cutar ba ta da wata hanya, an maimaita shi kullum ba fashi, kuma gari ya yi shi tare. Gida goma su tace, mutum ɗaya ya wanke gyambonsa a tafki, shekara mai zuwa an koma gidan jiya.

Da wannan ma'auni ya kamata mu auna zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne babban abin da ke gaban ƙasar Bagudo yanzu. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi girma a duk jihohin Najeriya. Wanda ya san fadamun kogin Neja da gonakin shinkafa daga Bagudo zuwa Illo da Lolo ba zai yi mamaki ba, domin ruwan da ke ciyar da jama'a shi ne kuma mahayayyafar sauro. Manyan shirye-shirye sun zo. Ana raba gidan sauro kyauta. Ana bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata. A watan Disamban 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a jihohin Kebbi da Bayelsa kafin sauran jihohi.

Sai mu duba inda kowane ɗaya ya ƙare. Maganin damina na kwana uku ne: ma'aikaci ke ba da na ranar farko, na biyu da na uku kuwa a hannun uwa ake barin su. Allurar sau huɗu ce, a wata na 5 da na 6 da na 7, sannan a wata na 15, lokacin da yaro ya fara tafiya, uwa kuma wataƙila tana da sabon ciki. Gidan sauro ba ya kare kowa yana cikin leda. Kuɗin da aka kashe tun daga masana'anta har zuwa Birnin Kebbi, amfaninsa ya rataya kan abin da ba ya ɗaukar minti biyu.

Akwai suka mai ƙarfi da ba zan kau da kai daga gare ta ba. Masu mulki suna son irin wannan magana, domin tana sauke nauyi daga wuyansu ta ɗora wa talaka. Idan yaro ya rasu, sai a ce uwarsa ce ta yi sakaci, ba a tambayi nisan asibiti ko halin hanya da damina ba. Wannan zalunci ne, kuma tarihin kurkunu bai goyi bayansa ba. Matan ƙauye sun tace ruwa ne saboda an kai musu ƙyallen, an sauya shi da ya yage, an kuma naɗa ɗan garinsu yana zagayawa yana tunatarwa. Ƙaramin aiki yana da tsada ga wanda ya wuni a gona, ya shiga ɗaki mai zafi, ga yara biyar ga gidan sauro ɗaya. Wanda ke neman aikin ya ɗore, wajibinsa ne ya rage wannan tsada.

A Ka'oje akwai ƙarin wahala da birane ba su sani ba, wato iyaka da Benin. Jama'ar Tsamiya ta wannan gefe da Segbana ta wancan gefe suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, Fulani makiyaya kuma suna ƙetarawa da iyalansu gwargwadon ciyawa da ruwa. Benin ta fara tata allurar a watan Afrilun 2024. Yaron da aka yi wa ta farko a Ka'oje yana iya cika wata 15 a ruga ta wancan gefe, inda ma'aikaci ke rubutu da Faransanci. A nan katin rigakafi da uwa ta adana cikin kayanta ya zama shi kaɗai ne shaidar abin da aka yi wa ɗanta. Ya kamata hukumomin lafiya na Bagudo da Segbana su zauna su yarda da katin juna, su sanar da arɗo da mai unguwa ranakun zagaye kafin ranar ta zo, su kuma kai allura ta huɗu kasuwa ranar da take ci, tunda can ne matan ruga suke zuwa da nono.