Asalin Kalmar School

Ran nan na tambayi yaran ajina ma'anar kalmar Turancin nan school, duk suka miƙa hannu, suka ce makaranta. Na ce, "To, daga ina ta fito?" Sai aji ya yi tsit. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarinta, ku 'yan makaranta.

Asalinta ba Turancin Ingilishi ba ne. Yunanawa ke da ita, suna cewa schole, ma'anarta kuwa hutu, watau sararin da mutum ya ke samu in ba shi da aiki a gabansa. 'Ya'yan manyan birnin Atina, da ya ke bayi ke yi musu noma da aikin gida, sukan tafi wajen masana su ɓata wannan sarari da sauraro da muhawara. Aflatun ya kafa majalisinsa wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Annabi Isa, almajirinsa Aristotal kuma ya kafa nasa a 335. A hankali sunan hutun ya koma kan karatun, kana ya koma kan wurin da a ke yinsa.

Rumawa suka ara, suka ce schola. Daga harshensu na Latin ta shiga Ingila, inda malaman Kirista, tun daga zuwan Agustin birnin Kantabari a 597, suka riƙa koyar da yara Latin. Ingilishin dā scol su ke rubutawa. Harafin h ɗin nan da ke ba ku wahala ran shifta daga baya aka mai da shi, don ta yi kama da uwarta. Jamusawa kuma suka ce Schule, daga bakinsu Sawahili ya sami shule.

Yau Bature na kiran ginin school, yana kiran yaran duka school. In ya ce yaro ya tafi to school, ba the, karatu ya ke nufi. Mazhaba ma school ce, har ta Malikiyya. Amma ku lura, school na garken kifi wata kalma ce dabam, daga harshen mutanen Holan ta zo.

Na san waɗansunku za su yi dariya, su ce ina hutu a wurin da a ke tashi da asuba, ga lissafi, ga bulala? To, ku tuna da damina. Sa'ad da ku ke zaune bisa benci, ubanninku na duƙe a gona, ƙannenku na bin awaki. Sararin nan da ku ke karatu cikinsa, guminsu ne ya saya muku. Yaron da ya kashe shi a wasa, bashi ya ci. Allah ya ba ku ikon biya, amin.