Turmin Rumawa Ba Na Daka Ba Ne

'Yan uwa marubuta, a wannan makon ɗakin girkin Rumawa za mu leƙa. Suna da wani kasko na yumɓu mai faɗin baki da suke kira mortarium a harshen Latin. Kafin a gasa shi, maginin tukwane kan barbaɗa ƙananan tsakuwa a cikinsa ya danne su, sai cikin ya yi kaushi. A gefe akwai ɗan baki na tsiyaye abin da aka niƙa. Tafarnuwa, masoro, ganyaye da cuku, duk a nan ake murje su. Bayan Rumawa sun ci Birtaniya a shekara ta 43 miladiyya, an yi ta ƙera shi a can, wasu maginan har da buga sunansu a leɓen kaskon. Da waɗannan sunaye masu tonon tarihi ke gane nisan da kayan mutum ɗaya suka kai.

Daga wannan kalma Turanci ya samu mortar: abin daka, da kwaɓin siminti, da bindigar harba bama-bamai mai kama da shi.

To ga inda gizo ke saƙar. In muka fassara mortarium da turmi, mai karatu a Daurawa zai hango iccen ƙirya da masassaƙi ya rarake, mata biyu a tsaye suna lugude. Ita kuwa mai girkin Rum murzawa take yi da hannu ɗaya, aikinta ya fi kusa da na dutsen niƙa da ɗansa. Hausa ba ta cakuɗa waɗannan ayyuka ba. Surfe daban, kirɓa daban, jajjage daban, markaɗe daban. Amma sau nawa muke karanta labari duk an dunƙule su a "ta daka"? A ganinmu wannan kasala ce, ko kuwa rashin zama kusa da iyaye mata, tunda yau daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni yaro ake aika da roba wajen mai inji.

Turmin namu ma ya yi tafiyarsa. A Kantin Kwari da turmi ake sayar da atamfa. Haƙoran taunawa kuma turame muke ce musu, alhali Rumawa daga mola, wato dutsen niƙa, suka raɗa musu suna.