Wa Ya Kamata Ya Fara Zuwa? Tarihin Ƴan Sanda da Masu Taɓin Hankali a Amurka

A ƙasar Amurka, lamba guda ake bugawa in abu ya ɓaci: 911. Gobara, hatsari, ɓarawo, duk ita ce. Shekaru da dama, in uwa ta buga wannan lamba ta ce ɗanta ya rikice, yana surutai, ya ɗauki wuƙa zai ji wa kansa, wanda ake turo mata ɗan sanda ne, da bindiga a ƙugu da ankwa a aljihu. Ina so in bi da ku, uwaye da ƴan uwana malaman makaranta, cikin tarihin yadda abin ya kai haka, da yadda wasu birane suka nemi gyara, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Tushen maganar yana cikin asibitoci. A shekarar 1955, manyan asibitocin gwamnatocin jahohin Amurka suna riƙe da masu taɓin hankali fiye da dubu 550, da yawansu a kulle na shekaru cikin cunkoso da wulaƙanci. A daidai lokacin ne maganin chlorpromazine, wanda likitocin Faransa suka fara ba marasa lafiya a birnin Paris a 1952, ya shiga Amurka. Sai aka ga cewa mutum zai iya shan magani yana gidansu. A ƙarshen watan Oktoba na 1963, makonni uku kafin a kashe shi, shugaba Kennedy ya sa hannu a kan dokar gina ƙananan cibiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni. Niyya ta yi kyau. Amma an yi ta sallamar mutane daga manyan asibitoci, alhali wajen rabin cibiyoyin ne kawai aka gina, su ma babu isassun kuɗi. Waɗanda aka sallama, wasu suka koma kwana bakin titi, wasu gidan kaso. Da tsakar dare kuwa, ma'aikatar da ba ta rufe ƙofa ita ce ta ƴan sanda. Haka ɗan sanda ya gaji aikin da ba a koya masa ba.

Gyara na farko da ya yi suna ya fito ne daga birnin Memphis na jahar Tennessee. A 1987 aka kira ƴan sanda saboda wani matashi baƙar fata, ɗan shekara 27, yana yankar jikinsa da wuƙa. Suka zo, suka umarce shi ya yar da ita, bai yar ba, suka harbe shi ya mutu. Gari ya ɗauki zafi. Hukumomin birnin suka zauna da malaman jami'a da ƙungiyar NAMI ta dangin masu wannan lalura, kuma a 1988 aka kafa rukunin da ake kira CIT, a ƙarƙashin wani jami'i mai suna Sam Cochran. Ana zaɓar ƴan sandan da suka ba da kansu, a ba su horo na awa 40: su gane alamun ciwon, su zauna da marasa lafiya da uwayensu, su koyi sassauta murya. Akwai kuma abu na biyu da masu kwaikwayon Memphis sukan manta: an ware asibitin da ba ya mayar da kowa, dare da rana, inda ɗan sanda zai miƙa mutum ya koma bakin aikinsa. In babu wannan ƙofa, ɗan sanda ko ya iya lallashi, ba ya da inda zai kai mutum sai kaso.

Birnin Los Angeles ya ƙara taki guda. A 1993 aka kafa tsarin SMART, inda ɗan sanda da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa suke shiga mota guda su je tare. Ɗan sanda yana lura da tsaro, ma'aikacin lafiya yana magana da maras lafiya, ya auna ko a kai shi asibiti ko a bar shi hannun danginsa da ranar ganin likita. Ingila ma ta bi wannan hanya daga wajen 2012, tana haɗa ma'aikatan jinya da ƴan sanda.

Hanya ta uku ta girmi ta Los Angeles. A garin Eugene na jahar Oregon, wani ƙaramin asibiti mai suna White Bird ya fara shirin CAHOOTS a 1989. Mutum biyu ne cikin mota, ɗaya na jinya, ɗaya mai horon kwantar da hankali, babu bindiga. Masu karɓar kiran ƴan sanda ne suke tura su. A 2019 sun amsa kira wajen dubu 24, kuma lokutan da suka nemi ƴan sanda su kawo musu ɗauki ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. A wancan lokacin, kuɗin aikin a shekara wajen dala miliyan 2 ne.

Shekara talatin abin yana tafiya, ƙasar ba ta waiwaye shi sosai ba, sai a 2020, bayan kisan George Floyd a hannun ƴan sanda. Ranar 1 ga watan Yuni na shekarar, birnin Denver ya fara shirin STAR, wanda ya kwaikwayi na Eugene. Cikin wata shida na farko sun amsa kira 748, ba a kama ko mutum guda ba. Binciken da malaman jami'ar Stanford suka wallafa a 2022 ya nuna ƙananan laifuffukan da ake kai ƙara a kansu sun ragu da kashi 34 cikin ɗari a unguwannin da shirin ya shafa. A watan Yuli na 2022 kuma aka buɗe lamba ta musamman, 988, don wanda hankalinsa ya tashi ko yake tunanin halaka kansa.

Kada a ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. A watan Afrilu na 2025 shirin CAHOOTS ya daina aiki a cikin Eugene, garin da aka haife shi, saboda rashin kuɗi. Abin da ya faru bayan 1963 ya sake faruwa: an yaba wa aiki, an bar shi babu abin riƙewa.

To, mu ina ruwanmu? A Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, wanda ke fara zuwa in yaro ya rikice ba ɗan sanda ba ne. Uwa ce, ƙanin uba ne, maƙwabci ne, liman ne, wani lokaci malamin aji. Ɗan sanda ko jandarma sai abin ya gagara. Ke nan mu ne masu zuwan farko, kuma mu ma babu wanda ya ba mu awa 40. A makarantar horon malamai an koya mana tsara darasi da riƙon aji, amma ba a koya mana abin da za mu yi ba in ɗalibi ya miƙe yana faɗa da abin da ba mu gani. Da yawaitar shan taramol tsakanin samari, wannan ba baƙon abu ba ne. Abin da aka saba kuwa mun san shi: taron jama'a, ihu, igiya, wani lokaci mari a ƙafa.

Abin da ake koya wa waɗancan ƴan sanda bai fi ƙarfinmu ba. A watsa taron ƴan kallo. Mutum guda ya yi magana, wanda maras lafiya ya yarda da shi. A kira shi da sunansa, a sassauta murya, a ba shi tazara, kada a tare masa ƙofa. Kada a yi gardama da shi a kan muryoyin da yake ji, kada kuma a yi masa ƙarya. A kau da wuƙa da ƙwayoyi daga kusa in hali ya yi. A ba shi lokaci, don gaggawa ce ta kashe matashin Memphis. In rai yana cikin hatsari, kiran hukuma ba laifi ba ne, amma a gaya musu tun a waya cewa maras lafiya ne, ba mai laifi ba.

Sai maganar ƙofa. Kowa ya ji sunan Pavillon E na babban asibitin Yamai, har wasu sun mayar da shi abin zolaya. Amma uwaye nawa ne suka san wanda ke duba irin wannan ciwo a asibitin jaharsu, da ranar da yake ganin mutane? Wannan tambaya ce da ƙungiyar uwayen yara da daraktan makaranta za su iya kai wa likitan garinsu tun ana zaune lafiya, a rubuta amsar a manna a ofis. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna.

Amurka ta yi asarar rayuka da yawa kafin ta gane cewa mai taɓin hankali maras lafiya ne, kuma wanda ya fara isa gare shi, da wurin da aka kai shi, su ne ke yanke yadda daren zai ƙare. Mu da darasin ya zo mana kyauta, bai kamata mu jira sai mun biya irin wannan kuɗi ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare mana ɗiyanmu.