Odissi: rawar bautar Hindu da ta koma dandali

Odissi rawa ce ta gargajiya daga jihar Odisha, a gabashin Indiya. Ta sha bamban da rawar fina-finan Indiya da aka saba gani, domin asalinta ibada ce a addinin Hindu.

A ɗakin bautar Jagannath da ke birnin Puri, wasu mata da ake kira mahari ne ke yin ta. Tun suna ƙanana ake sadaukar da su, ana ɗaukarsu a matsayin matan abin bautar, su yi masa waƙa da rawa. Waƙar da aka fi amfani da ita ita ce Gita Govinda, wadda Jayadeva ya rubuta da harshen Sanskrit a ƙarni na 12. Tana ba da labarin soyayyar Radha da Krishna: kishi, rabuwa, jira da sulhu. Mabiya Hindu na fassara begen Radha da begen da ran mutum ke yi wa abin bautarsa. Mai rawa kan nuna wannan da ido da alamun yatsu, da wata tsayuwa mai suna tribhanga, inda jiki ke lanƙwasa a wuri uku.

A zamanin mulkin Ingila martabar mahari ta zube. Daga shekarun 1950 malamai irin su Kelucharan Mohapatra suka sake tsara rawar don dandali, har ta zagaya duniya. A ɗakin bautar kuwa al'adar ta yanke: Sashimani Devi, wadda ake ɗauka mahari ta ƙarshe a Puri, ta rasu a 2015.