Dokokin duba lafiyar mota da na taya ga motocin hayar Birnin Kudu da Gwaram

A Kiyako da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, yawancin tafiyar nesa a ƙananan bas-bas na haya ake yin ta. Su ne ke kai fasinja Kano ta Kwanar Huguma da Wudil, su ke zuwa Ningi da Bauchi, su kuma ke kwaso 'yan kasuwa da buhunan hatsi daga kasuwar Sara. Doka ta ɗora wa waɗannan motoci sharuɗɗa da suka fi na motar gida tsauri, kuma wasu daga cikin sharuɗɗan a kan taya suke tsayawa.

Hukumomin da ke da alhaki

Hukumomi biyu ne ke kula da lafiyar mota a kan hanya. Na farko jami'an duba motoci na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO. Su ne ke gwada mota su ba ta takardar shaidar cancantar hawa titi. Na biyu Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, take kuma aiki a yau da dokar 2007 da ƙa'idojin zirga-zirga na 2012. Bisa waɗannan ƙa'idoji, motar haya ana duba ta duk bayan wata shida.

A wurin gwajin ana duba birki da sitiyari da fitilu da madubai da gilashin gaba da tayoyi. Ana kuma son a samu safayar taya mai iska, da jak, da tukunyar kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota idan ta lalace. Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2017 FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Iyakar gudun bas kilomita 50 ne a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanyoyi na gudu.

Abin da ke rubuce a jikin taya

Kowace taya tana ɗauke da ranar da aka ƙera ta. A gefenta akwai jerin haruffa da lambobi, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne abin lura: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2322, an ƙera tayar ne a mako na 23 na shekarar 2022. FRSC tana lissafa wa'adin taya shekara huɗu daga wannan rana, ko da ba a taɓa ɗaura ta ba, domin roba tana bushewa ta tsattsage ko tana ajiye a shago.

Sai zurfin zanen taya, wanda bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba. A cikin ramukan zanen akwai 'yan ƙulle-ƙulle na roba. Idan saman tayar ya yi daidai da su, ta suɗe ke nan.

Akwai kuma batun nauyi. Tayar da ta dace da bas irin Toyota Hiace tana da harafin C, kamar 195R15C, alamar cewa ta motar ɗaukar kaya ce. Lamba 106 da ke biye da ita tana nufin taya ɗaya ba ta ɗaukar fiye da kilo 950. Wanda ya ɗaura wa bas tayar ƙaramar mota, sannan ya lafta mata buhuna a ranar kasuwa, ya wuce abin da aka ƙera tayar domin ta ɗauka.

Tayar gwanjo da zafin bazara

Tsadar sabuwar taya ta sa direbobi da yawa ke komawa ga ta gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya. Irin wannan taya takan zo da zane mai kyau, amma shekarunta sun ja. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a kudancin Jigawa, tsohuwar roba da lodi da ƙarancin iska sukan haɗu su fasa taya ana cikin gudu. Shi ya sa ake auna iska da safe kafin tayar ta ɗau zafi, bisa adadin da kamfanin motar ya rubuta, ba da bugun hannun mai faci ba.

Hukunci

A jadawalin laifuffukan FRSC, tarar tuƙi da suɗaɗɗiyar taya naira 3,000 ce, ta wuce kima wajen lodi kuwa naira 10,000. Kuɗin bai kai farashin taya ɗaya ba, kuma takardar wata shida ba ta san halin da tayar ke ciki yau ba. Saboda haka duban da shugabannin tasha za su yi kafin a fara lodi, da wanda fasinja zai yi wa lambobi huɗun nan kafin ya shiga, shi ne kariyar da ta fi kusa da mai tafiya.